Yarinyar da Muka Sauke daga Goyo

Shekaru sun goge mini abubuwa da yawa daga kai. Wani lokaci sunan jikata ma sai na bi ta kan sunayen 'ya'yana kaf kafin in kamo shi. Amma abin da ya faru a wani ɗan gidan rainon yara a Kafanchan, ranar bikin rufe makaranta na Kirsimeti, ba zan manta da shi ba har ranar da Ubangiji zai kira ni gida. Ko a mota nake, in na hango mace ta sunkuya tana ƙara ɗaure majanyi, sai in tsinci kaina a cikin ɗakin nan.

A lokacin ban daɗe da yin ritaya daga koyarwa a firamare ba. Da yake na taɓa yin kwas a kan yara masu nakasa, sai wata ƙungiya ta ɗauke ni ina zagaya gidajen raino, daga Kagoro inda nake zaune zuwa Kafanchan, har Fadan Kagoma. Ba yara nake koyarwa ba, masu kula da su nake koya wa aiki, waɗanda yaran ke kira Anti. Nakan zauna da su a aji, in ga yadda suke yi, in nuna musu yadda za a karɓi yaron da ba ya ji, ko ba ya gani sosai, ko ba ya tafiya, maimakon a tare uwarsa a bakin ƙofa a ce mata nan ba wurinsa ba ne. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki, abin da na gani sai na faɗa. A bayan idona Mama Sufeto suke kirana, suna zaton ban sani ba.

Gidan rainon da nake magana na wata majami'a ne, ɗaki biyu a bayan gidan Fasto, ba nisa da tsohon layin dogo. Ranar da na fara zuwa na tarar da antin ƙaramin aji tana shara da goyo a bayanta. 'Yar Fadan Kagoma ce, gajera, kakkaura, in ta yi dariya har kan titi ana ji. Da goyon take shara, da shi take share wa yara majina, da shi take tsalle tana koya musu waƙa. Abin da ya ja idona ƙafafun goyon ne, sun sauko mata har cinya.

Na ce, “Anti, wannan ɗan naki bai isa yaye ba? Saura kaɗan ya riƙa taya ki tafiya.”

Ta yi dariya ta ce, “Mama, ba nawa ba ne fa. Yarinyan wani mata ne. Ba ya tafiya, ba ya zama da kyau. Maman ta ya ce kar na sa ta a ƙasa.”

Na zagaya bayanta na duba. Yarinya ce da za ta kai shekara huɗu. An sha wahalar haihuwarta, abin ya taɓa mata ƙwaƙwalwa ta ɓangaren motsin jiki. Ƙafafun sun sanƙare, suna harɗewa kamar almakashi, hannun dama a dunƙule, na hagu ne mai aiki. Amma idanun nan tar suke. Ta karkace wuya iya ƙarfinta tana ƙoƙarin leƙen wasu yara da ke wasa da marafen kwalba a gindin bango. Da antin ta juya don ci gaba da shara, yaran suka ɓace mata, sai ta sake juya wuya ta ɗaya gefen tana nemansu. Tun safe har a tashi haka take yini, ba abin da ke gabanta sai ƙeyar Anti. Yaran ajin ko sunanta ba su riƙe ba, 'yar bayan Anti suke ce mata.

Na jira uwar ranar. Ta zo da yamma a gurguje, jikinta duk ƙanshin citta, domin a wani sito take aiki inda mata ke tsaga ɗanyar citta suna shanyawa. Siririya ce, ba ta da yawan magana, in tana yi maka magana idonta na kan 'yarta. Mijinta ɗan acaɓa ne, danginsa suna wani ƙauye gaba da Kagoma. Ta ce gidajen raino biyu sun mayar da ita kafin wannan antin ta karɓe ta. Ta ce uban ya riga ya faɗa, in nan ma bai yiwu ba, sai a kai yarinyar ƙauye wurin mahaifiyarsa. Da ta zo kan maganar ƙauyen sai muryarta ta yi ƙasa, ta kai hannu ta riƙe ƙafar 'yar. Na ɗauka irin tsoron kowace uwa ne da ba ta son rabuwa da ɗiyarta, na kuma yi mata alkawari ba wanda zai kori yarinyar daga nan.

Sannan na tambaye ta dalilin da ya sa ba ta so a ajiye ta.

Ta ce, “Ƙasa akwai datti, Mama. Kuma yara za su taka ta.”

Magana ce mai ma'ana, ni kuma ina da amsarta a hannu. Na ce za mu samo tsohuwar tayar mota wurin mai faci, a wanke ta tas, a shafa mata fenti, a cika cikinta da tsummoki masu laushi da filo. Yarinyar za ta zauna a ciki, tayar ta tallafe mata baya, ba datti, ba mai taka ta, ga ta kuma tsakiyar 'yan'uwanta. Uwar ta juya maganar a ranta.

Ta ce, “Zama kawai? Ba za ta fita daga ciki ba?”

Na ce, “Ta fita ta je ina, 'yata? Zaman ma sai mun yi da gaske.”

Har ta kai bakin ƙofa ta juyo ta sake yi mini tambayar nan, na sake ba ta amsar nan, ina dariya. Sai ta ce to.

Yarinyar ba ta ba mu wahala ba ko kaɗan. Antin ce aikin. Ranar da muka fara sauke ta, antin ta rasa inda za ta sa kanta. Ta ce bayanta sanyi yake ji. Ta tsaya a kan tayar tana kora yara, duk wanda ya matso sai ta ce, “Kai, ja baya, za ka faɗa mata a kai!” Na ce, “Anti, mun sauke ta daga bayanki ne don ta shiga cikin yara, ba don ki zama mai gadin taya ba. Zo nan ki zauna a kan hannuwanki.” Da gaske na sa ta zauna a benci ta danne tafukanta da cinya. Tana zaune tana mutsu-mutsu, tana cewa, “Mama, wannan aiki naki akwai wikednes a ciki,” wato mugunta.

A hankali ta kama. Na nuna mata ta riƙa ajiye abu ta hagun yarinyar, inda hannun ke kaiwa. In ta yi mata tambaya ta jira, ko da shirun ya yi tsawo, kada ta amsa mata. In lokacin cin abinci ya yi, kada ta ware ta gefe ta ɗura mata da sauri, a gangaro da tayar cikin da'irar yara ta ci tare da su, ko da rabi zai zube a riga. Antin tana da kai, kuma tana ƙaunar yarinyar har cikin ranta, shi ya sa ma abin ya yi mata wuya. Ta saba nuna ƙauna da ɗauka, yanzu an ce ta nuna ta da ja da baya.

Yaran kuwa ba su buƙaci wani kwas ba. 'Yar wani Alhaji mai shagon atamfa ce ta fara zuwa ta zube mata marafen kwalba a cinya, ta ce ta riƙe mata. Washegari an mai da tayar shago, ita ce mai shago, ana zuwa sayen ganye da duwatsu a wurinta. Wata rana ina wurin wata yarinya ta fizge mata biskit, ita kuwa ta cafko hannun ta gantsara mata cizo. Kuka ya tashi, antin ta ɗora hannu a ka tana kiran Yesu. Ni kuwa daɗi ya kama ni. Na ce, “Anti, ki yi mata faɗa kamar yadda za ki yi wa kowa. Yau ta zama yarinya cikin yara.” Aka yi mata faɗa, ta turo baki, aka sa ta ba da haƙuri da hannun hagu.

A watannin nan ne ta sami kalmarta. Da ma maganarta ba ta wuce Mama da ruwa ba. Sai ga shi duk safiya, uwar na shigowa da ita a goye, tun daga bakin ƙofa za ta fara dukan kafaɗarta tana cewa, “Ƙasa! Ƙasa!” Uwar takan yi murmushi, ta kwance majanyi, ta sa ta cikin tayar da hannunta, ta gyara filon, ta dudduba, sannan ta tafi.

Matan zumunta na majami'ar suna ajiye kayan kiɗansu a kusurwar ɗakin, har da manyan tulunan nan da ake buga bakinsu da soso su yi gum, gum. Yarinyar tana mutuwar son ƙarar tulun nan. In matan suna gwajin waƙa a majami'a, duk jikinta rawa yake yi a cikin taya. Ana saura 'yan kwanaki a rufe makaranta, ina gida a Kagoro, sai ga wayar antin, tana ihu har ba na gane abin da take faɗa. Da ƙyar na tsinci, “Ya fita! Mama, ya fita da kanta!”

Da safe na hau acaɓa na je na gani da idona. Antin ta ajiye tulu ɗaya a tsakar ɗaki ta buga shi sau ɗaya. Yarinyar ta jingina da gefen tayar, ta yi ta turawa har ta kifo waje a kan tabarma. Sai ta kafa gwiwar hannun hagu, ta ja cikinta, ƙafafun na biye a baya, jikin na karkata dama da hagu. Tana nishi, tana dariya, yara na gefe suna mata kirari, har ta isa ta ɗora tafinta a bakin tulun. Ni da ba na kuka a gaban ma'aikata, ranar na yi. Yaron da ya gane zai iya kai kansa inda yake so, duniyarsa ta canza ke nan. Daga nan sai maganar keken guragu, sai firamare, har na fara lissafa makarantun da ba su da matakala.

Muka ce wannan ba labarin da za a ba uwa a tsaye a bakin ƙofa ba ne. Lokacin kakar citta ne, tana kawo yarinyar da gudu, tana ɗaukarta da gudu. Muka bar shi sai an gama biki, mu zaunar da ita mu nuna mata a natse. A bikin kuwa abin da aka shirya wa yarinyar shi ne ta zauna a tayarta a layin gaba tana kaɗa caki, sauran suna waƙa.

Ranar bikin ɗakin ya cika. An jera bencuna, ga shinkafa a kuloli, yara da hulunan takarda, matan zumunta sun zauna gefe guda da ankonsu da tulunansu. Uwar ta zo da atamfarta ta zuwa coci, ta yi wa 'yar kitso da sabuwar riga ruwan ɗorawa. Ba ita kaɗai ta zo ba. Mijin ya zo, ga kuma wata tsohuwa doguwa mai sanda, mahaifiyarsa, wadda ta shigo gari ganin likitan ido. Na je na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da fara'a. Da ta ga jikarta zaune a gaba da caki a hannu, har kai take gyaɗawa. Na ce a raina, to, yau maganar kai yarinya ƙauye ta mutu.

Fasto ya yi addu'a, yara suka yi waƙa ɗaya da tafi. Sai matan zumunta suka ɗauki ta biyu, aka saki tuluna gaba ɗaya.

Yarinyar ta yar da cakin. Kafin antin ta ankara ta kifo daga tayar, ta kafa gwiwar hannu, ta kama hanya a kan siminti da sabuwar rigarta, ta gaban bencin iyaye, ta nufi tulunan. Sai tafi ya ɓarke. Wata mata ta rangaɗa guɗa, Fasto ya ɗaga hannu yana Halleluya, antin na tsalle tana kuka. Na juya ina neman uwar don mu haɗa ido mu yi murna tare. Na same ta tsaye, hannu a baki. Ba 'yarta take kallo ba, surukarta take kallo.

Tsohuwar ta miƙe. Da yarinyar ta zo wucewa ta gabanta, sai ta tattare zanenta, ta ja ƙafafunta baya, ta faɗi kalma ɗaya da yarensu. Ba da ƙarfi ta faɗa ba, amma ina kusa, kuma ina jin yaren daidai gwargwado. Maciji ta ce.

Na san maganar. Muna yara a gindin dutsen Kagoro mun sha jin tsofaffi suna yin ta ƙasa-ƙasa, wai yaron da ya ƙi tafiya yana jan ciki ba mutum ba ne, wani abin ruwa ne ya shiga cikin uwar lokacin da ta je rafi, kuma maganinsa a raka shi bakin ruwa a ajiye, a juya baya, zai rikiɗe ya koma inda ya fito. Rabona da jin wannan zancen tun ina budurwa. Na ɗauka coci da makaranta sun binne shi tuntuni. Na tabbata rabin manyan da ke ɗakin nan sun san shi kamar yadda na san shi, ba dai mai furta shi a inda aka rataye gicciye.

Uwar ta ratsa mutane ta sunkuya ta sure 'yarta. Saura kamar taƙi ɗaya hannun yarinyar ya taɓa tulun. Ta wurga ta baya, ta ja zane, ta ɗaure majanyi tamau. Yarinyar na dukan kafaɗarta tana ihu, “Ƙasa! Ƙasa!” Matan zumunta ba su san abin da ake ciki ba, suna ta kiɗansu. Haka ta fice, ko shinkafar ba ta karɓa ba.

Da aka koma makaranta a sabuwar shekara, tayar na nan, mai ita ba ta zo ba. Wayar uwar a kashe. Muka je ɗakin da suke haya, maƙwabta suka ce ta kwashe kayanta tun kafin Kirsimeti. Antin ce ta yi ta cigiya a wurin matan sito har aka ce mata tana gidan wanta, a wata unguwa can ƙarƙashin dutsen Kagoro. Muka je tare, muka same ta tana tankaɗen acca, yarinyar na bayanta.

Ba ta yi mana fushi ba, abin da ya fi ci mini rai ke nan. Ta shimfiɗa mana tabarma, ta kawo ruwa da gyaɗa, sannan ta ba mu labarin da ba ta taɓa ba kowa ba. Tun yarinyar ba ta cika shekara biyu ba kakar ta fara zancen. Wata rana suna ƙauye, ta dawo daga gona ta tarar an kwantar da jaririyar a tsakar gida a kan turɓaya, tsohuwar da wasu dattawa biyu sun zagaye ta suna jira su ga irin motsin da za ta yi. Allah ya sa ranar ba ta motsa ba, kuka kawai ta yi. Tun daga ranar ta rantse ba mai sake ganin 'yarta a ƙasa, ta kuma matsa wa mijin suka dawo gari.

Ta ce, “Mama, in tana bayana, mutum ne. Kowa ya gan ta zai ce ga ɗiya a bayan maman ta. In tana zaune ma, mutum ne. Amma wancan tafiya da ta yi...”

Bayan biki, in ji ta, tsohuwar ta ce wa ɗanta ai ya gani da idonsa, a gaban Fasto ma abin bai ji kunya ba. Ta ce su kawo yarinyar gida da Kirsimeti a yi abin da ya kamata. Mijin bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya ɗauki makullin mashin ya fita. Wannan shirun nasa ne ya sa ta haɗa kaya.

Na ce, “'Yata, me ya hana ki gaya mana tun farko?”

Ta ce, “A coci, Mama? In ce mene? Za ku ce ba ni da bangaskiya, ko ku ce dangin mijina matsafa ne, magana ya zaga gari.”

Sai antin ta fashe da kuka. Ta ce, “Ni ma ranar da ya fara ja, abin ya zo mini a kai, don a ƙauyen mu ana faɗa. Sai na ce Shaiɗan ne, na tsauta masa, na yi shiru.”

Muka zauna mu uku a kan tabarma ɗaya, duk 'yan ƙasa ɗaya, duk mun san zance ɗaya, kowace da dalilin da ya hana shi fitowa daga bakinta. Yarinyar kuwa tun da ta ga antin take miƙa hannu tana kiran ƙasa.

Ba irin roƙon da ba mu yi ba. Fasto ya je ya sami mijin, mijin ya ce shi ba ya cikin zancen tsofaffi, amma kuma ba zai iya ce wa uwarsa ƙarya take yi ba. Na samo wa yarinyar wuri a wani gidan raino a nan Kagoro, na ce ni da kaina zan riƙa zuwa kullum. Uwar ta ce, “Na gode, Mama. Kun yi mata abin kirki, na gani. Amma ido ya riga ya gani sau ɗaya. Ba zan sake ba.” Daga baya wan nata ya sami aiki wani gari, ta bi shi, labarinta ya yanke mini.

Sai bayan wasu shekaru, ranar wata kasuwar Kafanchan, ina cinikin manja, na hango wata mata da goyon da ƙafafunsa suka wuce mata gwiwa. Bayanta ya ranƙwafa, tana tafiya tana tokare ƙugu da hannu. Na bar mai manja da kwalba a hannu na bi ta. Ita ce. Ta tsufa fiye da shekarunta, yarinyar kuwa ta kai goma, ta yi tsawo, an yi mata kitso mai kyau, idanun nan na nan yadda na san su. Muka gaisa, ta tambayi antin, na tambayi gida. Ta ce auren bai koma ba.

Duk wannan gaisuwar yarinyar na kallona ta saman kafaɗar uwar. Ban san ko ta gane ni ba. Can sai ta ɗaga hannun hagu ta ɗan bubbuga kafaɗar, ba da ihu irin na da ba, a hankali, ta ce, “Ƙasa.”

Uwar ta yi ɗan murmushi ta ce, “Har yanzu tana faɗa. Ina sauke ta fa, Mama. In mutanen gida sun tafi gona, sai na kulle ƙofa na sauke ta a ɗaki. Na saya mata ƙaramin tulu.”

Na ce, “Ita da wa take wasa?”

Ta ce, “Ita da ni.”

Ta sunkuya ta ƙara ɗaure majanyin, ta ce za ta je kafin mota ta cika. Na tsaya ina kallon ƙafafun nan suna lilo har suka shige cikin mutane.

Har gobe ban ce sauke yarinyar nan kuskure ba ne. Watannin da ta yi a cikin tayar nan, tana sayar da duwatsu tana cizon mutane, su ne kaɗai ta yi a cikin 'yan'uwanta yara, kuma da za a mayar da ni baya zan sake sauke ta. Baƙin cikina shi ne ƙarancin watannin nan. Mun shirya taya, mun shirya anti, mun shirya yara, ba wanda ya shirya idon da zai zo ya kalla.

Abin da wannan ya koya mini ya canza yadda nake aikina har na daina. Duk antin da na koya wa aiki bayan nan, ba da taya muke farawa ba. Nakan ce mata, in uwa ta kafa miki wata doka a kan ɗanta, kada ki tsaya a dalilin farko da ta ba ki. Ki ja ta gefe, nesa da ƙofar coci, ki tambaye ta me ake faɗa a gida game da yaron nan, kuma ki fara faɗin abin da ake faɗa a naku ƙauyen don kunya ta sake ta. Ke ma in wani zance ya zo miki a kai, ki faɗe shi, ba rashin bangaskiya ba ne. Antin nan ita ce shugabar gidan rainon yanzu. Kafin ta karɓi yaro mai nakasa sai ta ɗauki sabulu da sukari ta hau acaɓa ta je gaida kakarsa, ta zauna da ita, ta gayyace ta ta zo ta ga aji tun ba ranar biki ba. Yara da dama sun zauna a tayar nan, wasu sun fita daga cikinta da jan ciki, kakanninsu na tafi.

Duk lokacin da na ji haka nakan yi murna, sannan in tuna da wadda ta buɗe musu hanyar. Ita tana can a wani ɗaki da ƙofa a kulle, tana buga tulunta, uwarta kaɗai ke ji.